Wanda Ya Tsaya wa Malam Mas'udu

A shekarar da Sin ke shirin wasannin Olamfik, biza ta yi wuya. Malamin da ke koyar da 'ya'yan 'yan kasuwa Hausawa a wani bene a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou ya tafi Hong Kong sabunta tasa, aka hana shi, aka ce ya wuce gida. Yara suka zauna daga kallon talabijin sai faɗa, iyaye mata kuwa suka hana mazajensu sakat sai an nemo wani.

Aka kafa kwamiti. Alhaji Harouna, mutumin Maraɗi, shi ya kawo dokar tantancewa: takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, don a Guangzhou babu wadda ba za a buga maka ba kafin shayinka ya huce. Sai an sami wanda ya san mutum tun daga gida ya tsaya masa.

Cikin masu nema, Malam Mas'udu ya yi wa kowa fintinkau. Ga lissafi, ga Turanci, ga ƙira'a mai sanyaya zuciya. Da ya ce shi ɗan Fagge ne, ido ya koma kan Maidaji mai sayen takalma, wanda shi ma can aka yanke cibiyarsa. Maidaji ya san mahaifinsa sarai, malamin allo ne, a gabansa ma ya yi sauka. Ɗan kuwa tun yana yaro rabonsa da shi. Ya ce a ba shi zuwa Juma'a.

Ya buga wa yayansa Babayo waya a Kano. Da ya tambaye shi labarin Mas'udu, Babayo ya rage murya.

"Mas'udun Malam? An sallame shi daga wata makaranta. Maganar wata yarinya ce. An rufe zancen don darajar tsohon. Ni dai ban gani da idona ba, kar ka ce ni na faɗa."

Hankalin Maidaji ya tashi. 'Yarsa Rahila, mai shekara tara, tana cikin waɗanda za su zauna gaban malamin.

Ran Juma'a aka fito daga masallacin Huaisheng, aka taru a wani gidan abinci. Tun a hanya Kanawa ke ja wa Maidaji riga, suna kiransa Laoban, wato maigida da Sinanci. "Laoban, kar ka ba mu kunya gaban mutanen Nijar, a ce Kano ba ta da malami." Mas'udu ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Yaya Maidaji, Malam na yawan ambatonka."

Harouna ya dubi Maidaji. "To Alhaji, ka tsaya mishi?"

Me zai ce? Ji-ta-ji-ta ce, ba shaida, kuma ƙazafi ba ƙaramin zunubi ba ne. Haka ya yi ta gaya wa kansa, alhali ya san kunya ce kawai ta ɗaure masa baki.

"Na san gidansu," in ji shi. "Gidan mutunci ne. Na tsaya."

Aka yi fatiha, aka kawo shinkafa. Loma biyu Maidaji ya iya kaiwa baki.

A gida ya gaya wa matarsa Mero cewa Rahila ba za ta je ba. Da ta tambayi dalili, ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba.

Da safen da aka buɗe makaranta, yana ƙoƙarin ɗaga ƙofar shagonsa a ƙasan benen, sai ga Harouna riƙe da hannun 'yarsa Hindu, an sa mata sabon hijabi.

"Uwatta ta ƙiya, wai ba ta san mutumin ba," in ji Harouna yana dariya. "Na ce mata Maidaji ya tsaya, shi ke nan ta sakam mini ita. Ina Rahila? Su hau tare."

"Ba ta jin daɗi."

"Wayyo. Allah shi ba ta lahiya."

Hindu ta ce, "Sai an jima, Baba Maidaji," ta ruga ta haye matakala. Maidaji ya ji muryar Mas'udu daga sama yana yi mata maraba, sannan ya ji an rufe ƙofa.