Fuloti a Gonar Tumaki

Ramlat ta san ba don Allah aka gayyace ta cin tuwo ba. Mijin yayarta, Injiniya Ashafa, mutum ne da ko sallama ba ya ɓatawa a kan wanda ba shi da amfani a wurinsa, sai ga shi ya kira ta har sau uku a mako guda, wai lallai ta shigo jirgin ƙasa daga Manchester ranar Lahadi. Don ta shi, da ko ƙofar ɗakinta na Withington ba za ta buɗe ba. Amma Yaya Fauziyya ce ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma gidanta na Handsworth a Birmingham shi ne kaɗai gidan da Ramlat ke da shi a duk ƙasar nan. Tsoron rasa shi ne ya sa shekara huɗu tana haɗiye baƙar maganar Ashafa tana murmushi.

Ta tarar da falo cike maƙil bayan azahar. Likitoci ne da akantoci da matansu, kowa ya ci ya ƙoshi, an kewaye wata taswira a kan tebur. Wani kamfani ne ya sayi gonar tumaki a bayan garin Birmingham ya yanka ta fuloti arba'in, Ashafa kuwa shi ne dillalinsu, ko da yake idan ka kira shi dillali sai an raba ku. Har an rubuta sunan kowa a kan nasa, an ware kusurwa ɗaya don masallaci.

"Yauwa, ga ƙanwata," in ji Ashafa, wanda bai taɓa kiran ta haka ba. "Town planning take yi a uni. Ita za ta yi mana witness, a gama komai yau."

Ya miƙo mata biro da takarda. Abin da za ta sa wa hannu shi ne shaidar cewa kowane mai saye ya karɓi takardar bayanin filin kuma ya karanta. Dokar ƙasar ba ta yarda mai sayarwa ya ɓoye wa mai saye wani abin da zai iya sa shi fasawa ba, shi ya sa kamfanin ke son shaida. Su kuwa mutanenmu da cinikin gida suka saba: a taka fili, a nuna iyaka, a yi musabaha gaban shaidu. Ka ce wa babba bari ka duba takardarsa, ai ka kira shi ɓarawo ke nan. Don haka masu digiri bibbiyu suna zaune riƙe da takardu, babu wanda ya wuce hoton farko.

Ita ta ɗauki ɗaya ta buɗe. Daga shafi na takwas sai na goma. Ta duba na makwabciyarta, haka. Ta ciro waya ta nemo takardar a shafin kamfanin, ta karanta na tara har ƙarshe.

Ta ja Ashafa zuwa gindin matakala, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, akwai page ɗin da babu. Ba za a iya gini a wurin nan ba."

"Formality ne na Turawa," ya ce, ko kallon wayar bai yi ba. "Ke dai sa hannu. Kada ki kawo mini iyayi a gaban baƙi."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba? A gidana? Tuwona kika iya?"

Da ya tsaya nan, wataƙila da ta ɗauki jakarta ta tafi shiru. Amma ya juya ya koma falo yana dariya, yana cewa yarinyar karatu ya taɓa mata kai. Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta bi shi, ta tsaya a bakin ƙofa, ta karanta shafin da ƙarfi tana mayar da shi Hausa don kada wani ya ce bai ji ba. Filin na cikin yankin da aka keɓe ba a gini. Hukumar gari ta ƙi ba da izini sau biyu. Babu hanyar mota, babu ruwa, babu wuta. Ko katanga ba a yarda mai fuloti ya kewaye nasa da ita ba.

Ta zaci za a gode mata. Ina! Dakta Sha'aban, wani likita daga Sparkhill, shi ya fara miƙewa, kuma kanta ya yo. Tun makon jiya ya aika wa mahaifiyarsa a Gombe hotonsa tsaye cikin ciyawa, tumaki a bayansa, ya ce mata ga filinsa a Ingila.

"Ke, an tambaye ki? Council ai suna canza ra'ayi. Yarinya ƙarama ki zo ki tsinka mutane, who do you think you are?"

Wasu suka mara masa baya, don ya fi sauƙi a zagi mai karatu da a yarda ba a karanta ba. Hajar ce kawai, wata mai haɗa magunguna, ta ce a turo mata shafin. Ta karanta, ta taɓa mijinta, suka fita. Daga nan aka fara neman takalma ɗaya bayan ɗaya, har mai zagin ma. Ashafa ya bi su waje yana rantse-rantse.

Ramlat ta wuce kicin, tausayin yayarta ya cika ta. Fauziyya na wanke tukunya, ba ta waiwayo ba.

"Yaya, ki yi haƙuri. Na san ba ki san abin da ya yi ba."

"Shi bai yi komai ba. Ko karantawa bai yi ba." Ta kashe famfo. "Ni na cire. Ɗaya bayan ɗaya, a kan teburin nan."

Fauziyya ta juyo ta dube ta, ta ci gaba.

"Shekara goma sha ɗaya injiniya yana ɗaukar kwali a warehouse. A masallaci ko gefensa ba sa zama. Wata biyun nan kaɗai na ga mutane sun shigo gidana sun yi shiru yana magana. Na ce kafin a gane, ƙila an ba da permission ɗin. Ni na ce ya kira ki, don na ɗauka ko kin gani za ki rufa mini asiri."

"Yaya, cutar mutane ne fa."

"Na sani. Ba wa'azi na nema ba." Ta goge hannu, ta buɗe ƙofar baya. "Ta nan za ki fita. Ba za ki sake bi ta falona ba."

Ramlat ta fita lungu tsakanin kwandunan shara, takalmanta na can ƙofar gaba. Ta tsaya da safa a kan jiƙaƙƙen siminti tana jiran a buɗe a kira sunanta, ko da zagi ne. Sai ta ji an tura sakata.