Bargon Gwaggo Ummulhairi

Khairiyya tela ce a Makarfi. Ƙanenta Hafizu zai tafi karatu Jos, inda aka ce sanyi ba ya wasa, tana kuma son ta ɗinka masa wani abu da hannunta. Riguna dai yana da su. Ta rasa abin da za ta yanka.

Wata Juma'a ta hau mashin zuwa Gazara gaishe da Gwaggo Ummulhairi, yayar babansu. An kwana biyu ana ruwa, ranar kuwa gari ya washe, tsohuwar ta fito da kayan adakarta tana shanya. A kan igiya akwai wani tsohon bargo na ƙyallaye, an harhaɗa shi da zare da allura.

Bayan sun gaisa, Khairiyya ta tambaye ta ciwon ƙafa, sai ta ce, "Gwaggo, wannan fa wa ya ɗinka?"

"Ni da kakarki, 'yar nan. Lokacin ina muka ga keken ɗinki?" Ta ɗora yatsa kan wani baƙin saƙi. "Da wannan ta goyi babanki. Jan nan kallabina ne, na shekarar da rake ya yi albarka. Farin kuwa na manta na waye."

Khairiyya ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin igiyar ta kishingiɗa. Iska tana kaɗa bargon a hankali, rana tana ratsa wuraren da suka koɗe, launuka suna sauka a kan hannunta. Gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ta ga kamar tana can sama tana kallon gonakin Gazara, na rake kore shar, na dawa ja-ja, an jona su gefe da gefe. Wasu mata da ba ta sani ba suna tafe a tsakanin gonakin, suna jan dogon zare, suna hira ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ɗago ta yi mata murmushi.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ta.

Washegari ta zazzage buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekenta. Ta roƙi tsohuwar shaddar Baba da zanen Inna da ya sha wanki, ta yanka har da kayan makarantar Hafizu na firamare. Inda haɗin ya yi kauri keke ya ƙi ci, sai ta koma allurar hannu. Da ta gama haɗa bargon, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo.

Hafizu ya ɗaga shi yana dariya. "Yaya, wannan ai sai na biya masa kuɗin kujera a mota."

"To ajiye mini kayana."

Bai ajiye ba. Ya tsaya yana shafa wani shuɗin ƙyalle mai tabon tawada. Can ya naɗe bargon, ya cire takalma daga jakarsa don ya samar masa wuri.