Takardar da ba jan biro

Malamin Turancinmu ba ya ɓata jan bironsa a kan wanda ya fitar da rai da shi. Kowa a ajinmu ya san haka. Idan takardarka ta dawo jajawur, to kana cikin waɗanda zai tura jarrabawar neman gurbin karatu. Ni kuwa tawa kullum kamar an yanka kaza a kai take dawowa, ina kuma alfahari da hakan.

Sai ga shi wannan zangon ta fara dawowa fes. Ba zagaye, ba ja-layi, sai 'yar magana a ƙasa, wai jimlolina suna da tsawo, mai karatu numfashinsa zai ƙare. Rubutun ma ba irin nasa ba ne. Ƙawata ta ce in gode Allah, na iya ke nan. Na ce ta raina mini hankali. Raina ya ba ni ko dai ya cire ni a lissafi, ko ya samu wanda yake duba masa yana can yana hutawa, kuma abin ya ci mini rai sosai.

Na ɗana masa tarko. Mutumin da ya tsani ƙazamin rubutu, na yi masa wanda ko ni da kyar nake ganewa, har na goga hannu a kan tawadar. Takardar ta dawo, ko uffan a kan ƙazantar.

Ranar da muka sake miƙa aiki na bi shi ofis bayan an tashi, da niyyar in ji laifin da na yi. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Matarsa na gani zaune a kujerar baƙi, jakarta a cinya, tana karanta takardata da ƙarfi, tana tuntuɓe. Shi kuma ya jingina, tabaransa a kan tebur, yana cewa ta maimaita layin nan, yarinyar ta fara iya rufe zance.

Takalmina ya yi ƙara. Ya juyo, ya dube ni sosai, tsakaninmu bai fi tsawon tebur ba.

"Wane ne a nan?"

Duk masifar da na ƙunso ta bi iska.

"Ni ce, Malam," na ce. "Rubutun ya ɓaci. Bari in karanta maka da kaina."