Minti Ashirin a Ƙofa ta Uku

Tana cikin ƙirga kwalaye ta ji hon ɗin tirelarsa, gajere biyu, dogo ɗaya. Ko cikin barci ta san shi. Kwana goma sha tara ke nan rabonta da mijinta.

Ita ce mai kula da lodi a ƙofa ta uku ta babban siton da kamfanoni ke ba ajiyar kayansu. Abin taƙamar siton ɗaya ne: mota ba ta wuce minti ashirin a ƙofa. Amma ranar da motar mijinta ta zo, sai lissafi ya riƙa ɓace mata, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, har a ci minti arba'in. Masu lodi sun gano ta tuni, sai su yi murmushi su rage sauri.

Yau kam ba hali. Manaja na tsaye a bayanta da wakilin wani kamfanin sabulu da ke neman sito, wakilin na riƙe da agogo.

"Malama, nuna masa aikinmu," manaja ya raɗa mata. "In ya kai kayansa wani wuri, rabin mutanen nan sai zaman gida."

Mijin ya diro daga mota, ya rame, ƙeyarsa ta yi baƙi. Zuciyarta ta karye.

"Uwargida sarautar mata, yau ba gaisuwa?"

"Sannu da hanya, maigida. Buɗe bayan."

Ya dubi agogon, ya dube ta, ya gane. Ya buɗe ƙofofin, ya koma gefe.

"'Yar tawa fa? Ta fara tafiya?"

"Taku huɗu. Na ɗauka a waya, bari in gama in nuna maka."

Ta ɗaga murya, injin ɗaga kaya ya yi ta shiga da fita. Ba ta yi kuskure ko na kwali ɗaya ba. Tana sa hannu a takarda, motar baya ta matsa hon, mai gadi ya wangale ƙofar fita.

"Sai na dawo," ya ce ta taga.

Ta bi tirelar da kallo har ta sha kwana. Wayar na aljihunta, ba ta ko fito da ita ba.

Manaja ya iso, baki har kunne.

"Minti goma sha shida! Ya amince. Ashe kina iyawa! Daga yau kowace mota haka za ta riƙa tashi."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta yafito motar baya.