Koren Kundi a Masallacin Shubra

Lutfi ya tsallaka titin Shubra, a birnin Alƙahira, da waya manne a kunne. Wata ƙaramar bas ta kusa kwashe masa ƙafa, direban ya leƙo ya zagi kakansa, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba.

"Sabri, ka tuna da kyau. Korayen kundayen nan masu ruwan zinare a baya, ina ka kai su?"

"Masallaci mana. Ba na addini ba ne?"

"Addinin wa? Mujallar yara ce! Baba ne ya kai aka ɗinke su, aka yi musu bango."

"To ni duba nake yi?" in ji Sabri, mijin ƙanwarsa. "Na buɗe ɗaya, na ga ƙissar Annabi Yunusa, kowane harafi da wasalinsa. Wa ke sa wa rubutu wasali in ba masu littafin addini ba?"

"Masu rubuta wa yara, Sabri! Su ma suna sawa!"

Ya kashe wayar.

Da mahaifin su Lutfi ya rasu bara, Sabri ne ya ɗauki aikin kwashe takardun ɗakinsa, don shi mutum ne mai son a ce ya iya tsari. Kashi uku ya yi. Mujallun manya, masu hoton ministoci da rubutu tsirara babu wasali, ya kai wa 'yan tsofaffin littattafai a kasuwar Azbakiyya. Tarkace ya ba mai amalanke. Littattafai kuma aka kai masallacin unguwa cikin kwalaye, kuma Lutfi da bakinsa ya tsaya bayan la'asar a gaban jama'a ya ce duk littattafan mahaifinsa ya bayar waƙafi, ladan ya kai kabari.

Yau da safe mahaifiyarsa, Hajiya Insaf, ta ture kwanon wake gefe ta ce ya ɗauko mata koren kundin da ke da hoton Wagdi. Gobe za a yi mata aiki a idon da ya rage mata, kuma likita bai ɓoye ba, ko a samu ko a rasa. Wagdi yayan Lutfi ne, sanƙarau ya ɗauke shi yana ɗan shekara tara. Hoto ɗaya aka taɓa yi masa, shi ma aka aika wa mujallar don shafin abokai, suka buga, ba su dawo da shi ba. Lutfi ya ce mata yanzu zai ɗauko. Har yau ba ta san ɗakin ya zama wayam ba.

A masallaci ya tarar da Baba Hilmi, mai kula da wurin, yana shafe kantar littattafai da tsumma. Ga su can a jere, korayen nan, tsakanin tafsiri da fiƙihu, sun fi kowa kwarjini.

Lutfi ya yi bayani, numfashinsa na tsinkewa. Baba Hilmi ya saurara har ƙarshe, sannan ya rataya tsummansa a kafaɗa.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma waƙafi, ɗana, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Abin da ya shigo ya shigo."

"Aro fa? Gobe in dawo da shi."

"Wancan da ya ari littafin gado shi ma gobe ya ce. Yana Kuwait yanzu. Shehi ya hana."

"Baba Hilmi, ba littafi ba ne wannan."

"Yana da bango? Yana da shi. Ya tsaya da ƙafarsa a kanta? Ya tsaya. Mene ne in ba littafi ba, gurasa?"

Dole aka jira Shehu Abdulgaffar, limamin masallacin. Lutfi ya zauna jikin ginshiƙi, wayarsa ta yi ta motsi a aljihu. Ƙanwarsa ce. Ya san abin da za ta ce, Umma na tambaya. Ya yi tunanin sunkuce kundin a ƙarƙashin riga, sai ya dubi girmansa, ya dubi Baba Hilmi da ya kafa masa ido kamar ya ji abin da zuciyarsa ta faɗa.

Bayan azahar Shehi ya zauna a kan darduma, tsoho ne siriri mai tabarau ɗaure da zare. Ya sa aka sauko da kundin da Lutfi ya nuna.

"Me ka faɗa ranar nan? Faɗe shi yadda ka faɗa."

"Na ce duk littattafan mahaifina."

"Littattafai. To." Ya buɗe. Wani jaki sanye da wando ya bayyana yana tuƙa jirgin ruwa. Shehi ya ɗaga tabarau ya dubi Baba Hilmi. "Hilmi, shekara guda wannan jakin yana maƙwabtaka da tafsiri?"

"Allah ya gafarta Malam, ni bango na duba."

Shehi ya juya farko, ya juya ƙarshe. "Ba sunan mawallafi. Ba tamat. Nan an ce sai mako mai zuwa, can ma sai mako mai zuwa. Littafi yana da mai shi, yana da inda ya ƙare."

Hankalin Lutfi ya ɗan kwanta, sai Baba Hilmi ya yi gyaran murya.

"Malam, to mujallun malamai da ke kantar sama fa? Su ma ba tamat, su ma ɗinke su aka yi. Kai ka ce littattafai ne, ka hana Dokta Rif'at ɗaukar na mahaifinsa. In wannan ya fita, wallahi gobe yana nan da mota."

Wayar Lutfi ta sake motsi.

Shehi ya ci gaba da buɗa shafuka a hankali, yana lasar yatsa. Ya tsaya inda aka cika wani kacici-kacici da fensir, rubutun yaro, harufa manya a karkace. Gaba kaɗan an shafe wani kifi da jan launi har ya fita layi. Gaba kuma an yanke kusurwar shafi da almakashi, inda ake cike suna a shiga gasa.

"Ka taɓa ganin wanda ya yi wa mujallar malamai launi?" ya tambayi Baba Hilmi.

"Da na karya masa hannu."

"To ka gani. Waccan an yi ta don a karanta a ajiye, a dawo mata bayan shekaru. Wannan an yi ta don yaro ya cinye ta kafin Alhamis ta zagayo a fitar da sabuwa. Su da kansu suke cewa yanke nan, rubuta nan." Ya juyo ga Lutfi. "Amma lafazi daban, niyya daban. Lokacin da kake magana, me ke zuciyarka?"

Ƙarya ɗaya za ta fitar da Lutfi, amma a masallaci yake, kuma a kan ladan ubansa ake magana.

"Malam, kwalayen nake nufi. Duk abin da ke cikinsu. Ban buɗe ba."

Baba Hilmi ya buɗe hannuwa, alamar magana ta ƙare.

"Da ka buɗe fa?" in ji Shehi.

"Da ban bayar ba. Ba nawa ba ne ma, na Umma ne. Ita ke ba da kuɗin kowane mako daga cefane."

"Kai, ɗan nan! Shi ne ka bar mu muna ta fama da jaki?" Shehi ya rufe kundin ya tura masa. "Ba littafi ba ne, kuma ba na mahaifinka ba ne. Kwashe su duka kafin wani ya gani ya kai ni ƙara. Dokta Rif'at kuma in ya zo, Hilmi, ka turo min shi."

Ɗaya kawai Lutfi ya iya ɗauka. Ya rungume shi a ƙirji, ya hau benensu da gudu kamar ba mai shekara hamsin da ɗoriya ba.

Hajiya Insaf na zaune bakin taga, inda haske ya fi yawa. Ba ta tambayi abin da ya tsayar da shi ba. Ta ɗora kundin a cinya, yatsunta suka tafi wurin da kansu, ba ta ko ƙirga shafi ba. Ga shafin abokai, yara a jere, kowane hoto bai fi kan babban yatsa ba. Wagdi na layi na biyu, da kunnuwansa a buɗe.

Sai a lokacin Lutfi ya gani. Baba Hilmi mutum ne mai cika aiki, yana buga hatimin masallaci a duk inda hannunsa ya faɗa. Shuɗin tawada ya sauka a kan layi na biyu, ya rufe kafaɗar Wagdi da rabin sunansa.

Ta kawo shafin dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan shuɗin fa? Da babu shi."

Lutfi ya nemi ƙarya, bai samu ba.

"Hatimi ne, Umma. Na masallaci. Kuskure aka yi, aka..."

"Me aka rubuta?"

Ya sunkuya ya karanta, muryarsa can ƙasa. "Waƙafi ne na Allah. Ba a sayarwa, ba a mayarwa."

Ta sa babban yatsa ta shafa wurin, tawadar ta riga ta bushe tuntuni.

"Ba su yi ƙarya ba," in ji ta. "Matsa daga hasken nan, kana tare min shi."