Murfin Akwatin Tsoho Khiem

"Sake ni, ban mutu ba tukuna," in ji tsoho Khiem, ya fizge hannunsa daga riƙon maƙwabcinsa Thuan.

Ya sake dafa makankarin katakon da ya gada wajen ubansa, mai kunnuwa biyu, ya tura. Abin ya yi tafiyar taƙi guda ya cije, tari ya sarƙe shi.

Akwatin gawarsa yake haɗawa. Komai ya kammala sai fuskar murfin, falle ɗaya na icen wata bishiya mai suna mit da ya ɓoye tun ƙuruciya, babu na biyunsa. Kafintocin ƙauyensu Kim Bong kuwa ba sa zuwa gaisuwar mutuwar ɗan'uwansu su tafi ba su shafa murfin ba, kuma abin da tafin hannunsu ya ji, shi za a riƙa faɗa a kansa. Khiem ya fi kowa sanin haka, don shi ma ya sha shafa na wasu ya taɓe baki.

"Yaya, kawo in ƙarasa maka," in ji Thuan.

"Da wannan kwanon ƙarfen naka na Faransa? Ai gara a naɗe ni a tabarma."

Tun suna samari suke wannan musu. Thuan ya ce makankarin Faransa ya fi zama daram, Khiem ya ce nauyin banza ne, na maƙerin ƙauyensu ya fi jin magana. Na Japan ne kaɗai suka haɗu a kan rainawa, wai wane irin makankari ne ake ja kamar akuya ta ƙi kasuwa.

Amma a ranar, na Japan ɗin ne Thuan ya tuna. Akwai ɗaya a rumfarsa da ya taɓa karɓa a musaya. Ya ɗauko, ya wasa bakin har yana aske gashin hannu.

"Wannan ba ya son ƙarfin kafaɗa. Ka zauna, ka riƙe, ka kwanta baya kawai."

Khiem ya juya shi yana harara. "Yau ni ne da kayan raggwaye."

Ya zauna a gindin katakon, daidai inda ya saba tsayawa, ya miƙa hannu ya aza makankarin, ya kwanta baya da duk nauyin da ya rage masa.

Ƙarar ce ta fara gaya wa Thuan. Katako yana da kwanciya kamar gashin dabba, kuma Khiem ya shimfiɗa nasa ne don turi. Mai ja sai ya juya katakon tukuna. Sabo turken wawa: tsofaffin kafintoci biyu, babu wanda ya tuna. Bakin ƙarfen ya shiga ta ƙarƙashin jijiyar katakon ya ɓanɓaro tsakiyar murfin, rami mai zurfin da in aka ce a kankare shi, katakon zai koma faifai.

Khiem ya sa yatsa a ramin, ya daɗe.

"Laifina ne, Yaya."

"Hannun wa ya ja?"

Lua, 'yar Khiem, ta leƙo da kwanon kunun shinkafa. "Baba, ai a cike da danƙo a shafe da fenti, wa zai gane?"

"Ni."

Khiem bai ƙara taka rumfar aikinsa ba. Thuan yakan shiga ɗakinsa ya same shi ya juya wa ƙofa baya, kunun ya yi sanyi. Ya jawo zancen makankarai ko zai tanka, har ya yabi na maƙerin ƙauye, abin da bai taɓa yi ba. Khiem bai ko ɗaga kai ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a wajen Thuan.

Ana gobe zai cika ya kama rigar Thuan. "Ka kife murfin. Kada su gani."

"In na kife, kai ramin zai kalla fa."

"Na sani."

Thuan ya kankare bayan murfin da makankarin mai kunnuwa biyu. Ranar rufewa kafintoci suka shafa, suka jinjina kai, wani ya ce hannun tsoho bai taɓa kuskure ba. Thuan ne ya kama murfin ta wajen kai, Lua tana kuka a bayansa. Ya sauke murfin a hankali, inuwa ta ci ƙirjin Khiem, ta ci haɓarsa, ramin ya sauka daidai saitin idanunsa.