Rakiya Har Tsakiyar Teku

Abu ɗaya na roƙi mijina tun da muka zo Amurka: kwana uku, daga ni sai shi. Ban ce ya saya min gwal ba, ban ce ya kai ni Makka ba.

Wanda bai san gidanmu na High Point Road ba zai ce mene ne abin roƙo a nan. Ɗaki biyu ne da falo, amma tashar mota ta fi shi sirri. Duk ɗalibin da ya sauka a Greensboro daga Kano ko Zariya ko Yamai, lambar wayar mijina Rilwanu ce a aljihunsa. A rubuce ne nake iya faɗin sunan nan, a baki Malam nake ce masa, yadda aka koya min a gida. Doguwar kujerar falonmu ba ta taɓa hucewa ba, wani na tashi wani na kwanciya. Shekara shida ina yafa mayafi kafin in je banɗaki a gidan aurena. Shi da safe yana jami'a yana fama da digirinsa, da yamma yana jan tasi. Ni kuma ina Irving Park ina kula da wata tsohuwar Baturiya. A bakin ƙofa muke haɗuwa, kamar masu gadi in za su canji juna.

A falon tsohuwar na ga hoton: jirgin fito cike da motoci, fararen tsuntsaye na bin sa. Ta ce tsakanin tsibirai biyu ne a gabar tekun jihar nan, Hatteras da Ocracoke. Kwalta na ƙarewa, sai motarka ta hau jirgi. Ba ruwan ne ya ja hankalina ba. Na tabbata dai a can babu Bahaushe ko ɗaya da zai ƙwanƙwasa mana ƙofa da akwati a hannu. Na roƙi hutu a wajen aiki, na kama ɗaki ta waya, watan Yunin 1997.

Na ce masa, "Malam, in mutum na uku ya shiga tafiyar nan, ni da kai za mu ɓata, ɓacin da ba ya gyaruwa."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Jidda, sai ka ce yaro."

Ana gobe tafiya muka je sallama gidan Alhaji Mamane. Mutumin Maradi ne, dattijonmu a garin, mai shagon kayan abinci a titinmu. Shi ya sauki Rilwanu ranar da ya zo ƙasar, shi ya ba shi katifar farko. Ban yi musu ba, ai ba a tafiya babu sallama. Matarsa Hajiya Umma ta kawo shayi ta zauna tana min tambayoyi.

"Wajen wa za ku gaisuwa can?"

Na ce ba kowa.

"Rasuwa anka yi?"

"A'a Hajiya, hutu ne kawai."

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ni ko teku ban taɓa gani ba sai ta tagar jirgin sama."

Sai bakin Malam ya buɗe da kansa, yadda ya saba. "Ai sai ku zo mu je, Hajiya."

Na take masa ƙafa har sai da shayinsa ya zube. Alhaji ya shafa gemu ya ce, "In sha Allahu." A hanyar gida Malam ya ce in kwantar da hankalina, tayi ne kawai, irin bismillar da ake yi wa wanda ya tarar da kai kana cin abinci.

Da hantsi muna zuba kaya a ƙaramar motarmu, sai ga tsohuwar motar Alhaji mai faɗi kamar kwale-kwale ta shigo. Hajiya na gaba, a kujerar baya ga wata ƙatuwar kular abinci. Alhaji ya leƙo ya ce sun zo su taka mana. But ɗin motarmu ya cika, sai ya ce a bar kular a wajensu, sai gaba. Malam ya kalli kular, ya kalle ni, fuskarsa ta faɗi. A hankali ya ce, "Jidda, sun amsa tayin."

Na shige mota na ja ƙofa, don in na buɗe baki maƙwabta za su kira 'yan sanda.

A gidan man bakin gari muka fara tsayawa. Alhaji ya fito ya miƙa wa Malam hannu ya ce, "To Malam Rilwanu, hanya ta miƙe."

"Ta miƙe, Alhaji. Ku za ku shiga gaba ko mu?"

Alhaji ya ɗan yi jim. "Ku shiga gaba."

Muka wuce Durham, muka wuce Raleigh. Duk lokacin da na kalli madubi, ga hancin motar nan da farar hular Alhaji. Na ce, "Ka tsaya ka ce su koma."

"Da wane bakin? Ni na yi tayin. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa, yau ya ce yana son ganin teku in kore shi a kan hanya?"

"Ni fa, a matsayin me ka riƙe ni?"

Ya ƙara sautin rediyo. Wannan ita ce amsar Malam ga duk tambayar da ba ya so.

Da muka tsaya azahar a wani wurin hutawa na gefen hanya, Alhaji ya sallame ya duba agogo ya ce, "Shago dai na bar ma Seydou." Malam ya ce ai Seydou, yaron shagon, mai amana ne, kada Alhaji ya sa komai a ransa, ya huta abinsa. Alhaji ya ce, "Haka ne." Ni kuwa ina gefe ina cewa a raina, dubi tsohon nan, ya liƙe mana kamar ƙaya, kuma har yana neman a lallashe shi. Allah ya yafe min abin da na kira shi a ranar.

Gonakin taba suka ƙare, fadama ta fara, muka hau dogayen gadoji, sannan wata siririyar hanya da yashi ke ci ta gefe biyu. La'asar ta yi sanyi kafin mu kai inda kwalta ta ƙare. Muka bi layin motoci. Wani ma'aikaci mai riga ruwan lemo ya yafito mu, muka hau wani ƙarfe mai ƙara, sai ga mu a cikin jirgi. Ya yafito Alhaji ma, ya manna shi a bayanmu, ko tsintsiya ba za ta shiga tsakanin motocin ba.

Ban taɓa tsayawa a kan abin da ke motsi a ruwa ba. Ƙasa ta ja da baya, daɓen ƙarfen na rawa a tafin ƙafata, ga warin gas da gishiri. Tsuntsayen hoton nan ga su da ransu, suna ihu suna cafe burodin da yara ke jefa musu. Na daɗe ina ganin wannan tsayuwar a raina: ni a jikin shingen ƙarfen gefen jirgi, Malam a gefena, ba wanda ya san mu balle mu ji kunyar riƙe hannu. Na waiga. Malam na can yana riƙe wa Alhaji hula kada iska ta ɗauke, suna gardamar ko ruwan nan ya kai kogin Kwara zurfi.

Hajiya ta ƙi fitowa daga mota. Na je in duba ta, ba don ina so ba. Idonta a rufe, carbi a hannu, goshinta duk zufa. Na buɗe ƙofa na miƙa mata ruwa, sai ta damƙe min wuyan hannu.

"Ɗiyata, don Allah mi munka yi ma mijinki?"

"Kamar yaya, Hajiya?"

"Tun gidan isansi na bakin gari, inda kunka sha mai, muke jira shi ce muna mu koma. Shiru. Har ya saka mu cikin bato, bisa ruwa. Ni da ko rijiya ba ni leƙawa!"

Na ce, "Ba tafiyar kuka zo ba?"

Ta ɗago ƙafa ta nuna min. Silifas ɗin banɗaki ne. Ba jaka, ba kayan canji, mayafin da ta yafa ma na shiga maƙwabta ne. Ta ce wake ta jiƙa ta bari a kan tebur. Kular kuwa guzurinmu ce, kaji da dambun nama na mutum biyu, tun asuba take soyawa.

"To me ya hana ku juyawa?"

"Alhaji ya ce yaro ya yi muna tayi gaban iyalinshi. In munka juya bai sallame mu ba, mun kunyata shi. Mai rakiya ba ya sallamar kanshi, ke ma kin sani."

Na sani. Duk mun sani. Shi ya sa na ji kamar in ɗauki kular in wurga ta a teku. Maza biyu masu gemu, ɗaya yana digiri na uku, ɗaya ya je Hajji ba sau ɗaya ba, sun ƙetare jiha guda daga wannan kai zuwa wancan suna jin kunyar juna, kuma ni ce aka yanka aka yi sadakar da ni.

Na ratsa tsakanin motoci na same su. Na ɗan rusuna, don ko a cikin fushi ban manta ba, na ce, "Baba Alhaji, rakiya ta isa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. A koma haka."

Alhaji ya dubi ruwa ta dama, ya dubi ruwa ta hagu. Ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya fashe da dariya har yana tari. Malam bai yi dariya ba. Ya tsaya da hular mutane a hannu, bakinsa a buɗe, ya fahimci abin da ya aikata.

Sauran tafiyar na yi ta a gaban jirgin ni kaɗai, amma raina ya ɗan yi sanyi. Na ce komai ya wuce. Za su juya, mu mu wuce ɗakinmu, in yi masa faɗan da zan yi, gobe mu tashi daga ni sai shi.

Inda jirgin ya sauke mu babu gari, sai yashi da ciyawa da layin motocin masu komawa. Alhaji ya juya motarsa ya shiga layin, Hajiya ta sa aka sauke min kular. Rana ta yi ja ta kusa taɓa ruwa. Sai na ga Malam ya daɗe a tagar Alhaji, suna magana ƙasa-ƙasa. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Jidda, akwai matsala. Alhaji ba ya gani sosai in duhu ya yi. Kuma allurarsa ta ciwon sukari tana firij a gida."

Na ce akwai masauki a wancan tsibirin, akwai kantin magani a kan hanya, su kwana su kama hanya da safe. Na ce ya rubuta musu kwatance, ya buga wa Seydou waya ya taho ya tare su.

"Ni na jawo su. In wani abu ya same shi a hanya, da wane ido zan kalli mutane? Mu koma gaba ɗaya, ma sake zuwa wani lokaci."

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kullum Malam da gaskiyarsa. Duk baƙon da ya kwana a kujerarmu da dalilinsa mai kyau ya zo, ba a taɓa samun na banza ba. Ni kaɗai ce ban taɓa zama dalili ba.

Na ce, "Rilwanu."

Ya ɗago a firgice kamar na mare shi. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Hajiya ma ta ji, ta sunkuyar da kai.

"Ba inda zan koma. Ɗakin nan na mutum biyu ne. Ka zaɓa."

Ya tsaya. Wallahi ya tsaya, har na fara sa rai. Sai ma'aikacin jirgi ya fara yafito motoci, Hajiya ta koma kujerar baya, Alhaji ya matsa kujerar gefe yana tari. Rilwanu ya ciro makullin motarmu ya sa min a tafin hannu, ya ce in yi haƙuri, ya zagaya ya shiga mazaunin direba.

Layin ya fara tafiya a hankali. Ban san lokacin da ƙafata ta bi su ba. Ina tafe a gefen motar, iska na fizgar mayafina, ina jira ya taka birki. Muna dab da ƙarfen hawa jirgi ya sauke gilashi.

"Jidda, ki koma haka nan. Iska ta yi yawa. Na gode."

Ashe ya iya faɗa. Yini guda maganar nan ta maƙale masa a wuya don dattijo, amma ni ko numfashi bai ja ba ya miƙo min ita.

Na koma. Na ja kular har bakin mota ni kaɗai, tana da nauyi. Jirgin ya yi ƙaho, ban waiga ba.